Kada Ka Ƙirga wa Nani Allolinta

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da babanku da ƙannenka da duk wanda ke kwana a gidan nan. Ni ma lafiya lau nake a nan Guangzhou, in ka cire zafin garin da ciwon gwiwar da ka sani. Allah ya tsare mini ku, ya kai ka Indiya lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a hanya da masauki.

Na so in zo in raka ka filin jirgi, to amma ka san yadda biza ta koma a shekarar nan ta wasannin Olamfik. Wanda ya fita bai san ranar da za a bar shi ya dawo ba, ga kayan mutane a hannuna ban gama turawa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Alhaji Mudi da zai taho Kano ya kawo maka. In kuma gaya maka gaskiya, takardar ta fi mini sauƙi. Kai ne ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, ko sunan ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Da a gabanka nake, Allah ya kiyaye hanya kawai zan ce in shige ɗaki. A takarda kuwa babu mai kallon idona, saboda haka gyara zama.

Ƙanwarka Ummi ta tsegunta mini wata magana a waya. Kada ka yi mata faɗa, ni na tatse ta. Ta ce jakarka rabi tufafi ce, rabi kasa-kasan muhawarar addini, kuma ka gaya wa abokanka cewa ranar da ka sauka a gidan Nani tambayarka ta farko ita ce, "Wai allolinku nawa ne?" Daga nan sai ka naɗe hannu kana kallon yadda za su rikice.

Da na ji, na yi dariya, sannan gabana ya faɗi. Dariyar don na san inda ka gado bakin nan, kuma ba wajen babanku ba ne. Faɗuwar gaban kuwa don na riga ka yin wannan tambaya, a gaban tsohuwar da za ka zauna a gidanta, na kuma ga abin da ta haifar. Karatun likita ba na wata ɗaya ko biyu ba ne, kuma a duk garin Lakno ba ka da kowa sai ita. In ka rufe ƙofar gidan nan da bakinka, ba ni da wata da zan buɗe maka.

Da suna kawai ka san mutanen nan, bari in gaya maka su wane ne. Sunita maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon juna a benen da nake haya a unguwar Baiyun. Mijinta Mohan yana da ofishin kago kusa da filin jirgi, kuma yawancin 'yan Kano da 'yan Maraɗi a wajensa suke auna kayan da za su bi jirgi zuwa gida. Nani mahaifiyar Sunita ce. Jikokinta ne ke kiran ta haka, mu ma muka ɗauka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, ba ta da ƙiba ko kaɗan, amma in ta zuba maka ido sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana yaro. Da ni da Sunita da Mohan Turancin kasuwa muke yi, mu cike giɓin da ɗan Sinancin da muka tsinta. Nani kuwa sai da tafinta, ko da hannu.

Farkon abin da ya haɗa ni da ita kwaɓa ce tawa. Sabuwar zuwa ce ni a lokacin. Na shimfiɗa sallaya a baranda, na fuskanci inda rana ke fitowa kamar yadda na saba tun ina yarinya, na yi sallata hankali kwance. Haka na yi ta yi. Ashe tsohuwar tana kallona daga tasu barandar. Wata rana ta jira har na sallame na shafa addu'a, sannan ta leƙo, ta miƙa hannu wajen faɗuwar rana ta ce, "Makka." Na ce a raina, ikon Allah, yau mai ɗigon ja a goshi ce za ta koya mini alƙibla. Na kau da kai na naɗe sallayata. Amma abin ya tsaya mini a rai, sai da na je kasuwa na tambayi wani malami ɗan Yamai. Ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Hajiya, ai kin wuce Makka tun a jirgi, tana bayanki." Sai da na zauna na rama sallolin nan duka. Daga baya na ji cewa a Lakno cikin Musulmi ta tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da masallaci.

To ka riƙe wannan. A can ma yamma za ka kalla, kuma ka tambaya kafin ka tayar da kabbara. Sannan kada ka ɗauka duk wanda ba ya sallarka bai san komai a kanka ba. Da yawansu sun san mu fiye da yadda muka san su.

Ta biyu kuma a wajen godiya na yi ta. Da na je gida na dawo, na ce lallai sai na yi wa mutanen nan tsaraba ta gani ta faɗa. Me Bakano zai kai wa wanda yake ganin girmansa in ba kilishi ba? Na aika har unguwar Agadasawa aka zaɓo mini mai kyau, mai ƙuli da yaji, na ratsa ƙasashe da shi ina ɓoyo kamar gwal. Na shiga falonsu da fara'ata na miƙa wa Sunita. Ta buɗe takardar a kan tebur, ta sunsuna, ta ce, "Didi, mene ne wannan?" Didi yaya ke nan a bakinsu, haka take kira na.

Na ce, "Naman saniya ne, zallan tsoka. Ko a Kano ba kowa ke samun irinsa ba."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ta naɗe shi da gefen tsumma, ta miƙo mini da hannu biyu tana ba ni haƙuri, ban kai ƙofa ba na ji tana wanke teburin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a wajenmu mayar wa mutum tsarabarsa ba ƙaramin abu ba ne. Ina nan ina kumbure-kumbure har bikinsu na fitilu ya zo, ta aiko mini da alawar madara cike da faranti. Na tambaya, ta ce an fara ajiye ta a gaban ababen bautarsu, albarka ce. Na ce, "Sunita, wannan kam ba zan iya ci ba, addinina ya hana." Na miƙa mata farantinta da hannu biyu, yadda ta miƙo mini kilishina. Muka kalli juna, sai dariya ta ƙwace mana. Tun daga ranar, duk abin da ta dafa sai ta ɗebe rabona gefe kafin ta kai gaban nasu.

Saboda haka dambun naman da na ji gwaggonka ta yi maka, ku cinye shi a Kano kai da ƙannenka. Kada ko ƙamshinsa ya shiga gidan Nani. Ka kai mata dabino da zuma da turaren wuta. In aka miƙo maka abin da aka ajiye wa ababen bauta, ko aka zo shafa maka jan abu a goshi, ka ce a'a a fili, da sakin fuska. Ba sai ka haɗe gira ba, ba kuma sai ka yi ƙaryar ciwon ciki ba. Mutanen da ke da abin da ba sa ci sun fi kowa gane wanda ya ce ba ya ci.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro.

Ranar da aka buɗe wasannin nan, duk garin yana gaban talabijin. Tawa ƙarama ce, sai Sunita ta ƙwanƙwasa ta ce in zo mu kalla tare. Muna zaune ana ta shigo da ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, kowace da tutarta. Da Nijeriya ta fito na rangaɗa guɗa har Nani ta toshe kunne. A kusurwar falon akwai wata 'yar durowar katako da suke ibada a gabanta, da fitilar mai da furanni. A ciki akwai mai kan giwa, akwai mace mai hannuwa da yawa zaune a kan fure, akwai wani shuɗi mai busa sarewa, ga wasu ƙanana a bayansu, ga hotuna a bango. Na daɗe ina ganinsu ban tanka ba. Amma ka san idon ɗan kasuwa, ba ya ganin abu a jere ya ƙyale. Ana ƙirga ƙasashe a talabijin, ni kuma ina ƙirga na cikin durowa, na kai wani wuri na ɓata. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Wai ni kam, su nawa ne duka-duka?"

Mohan ne ya fara amsawa, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ɗaya ne, Hajiya. Waɗannan da kike gani sunaye ne da fuskoki. Ni a ofis laoban ne, wato uban gida, a gidan nan miji ne, a wajen Nani suruki ne. To ni mutum nawa ne?"

Sunita ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Didi, rabu da shi, haka yake faɗa duk ranar da aka yi baƙo. Talatin da uku ne. Haka aka lissafa mana tun muna yara, kowanne da aikinsa, da na wuta, da na iska, da na ruwan sama."

Nani ta ja hannun 'yarta ta ce a gaya mata abin da ake cewa. Da aka fassara mata, sai ta gyara zama. Ta ce talatin da uku ko ƙauyen kakanninta ba su isa ba. Ina ta kogi, ina ta bishiyar bakin hanya, ina wadda ke tsare yara in ƙyanda ta shigo gari? Ta ce kakarta miliyan ɗari uku da talatin take cewa, kuma ita ma gajiya ta yi ta tsaya a nan.

Mohan ya ce ai wannan adadin hanya ce kawai ta cewa ba su ƙirguwa, kuma abin da ba ya ƙirguwa komawa yake ga ɗaya. Sunita ta ce in ɗaya ne, don me yake tsayawa gaban mai kan giwa duk ranar da zai tura sabon kaya, ba ya zuwa gaban mai sarewa? Ya ce wanda zai shiga gida ai ta ƙofar da ke kusa da shi yake shiga. Nani ta ce wani ƙanen mijinta guda ɗaya tak ya bauta wa har ya mutu, yana cewa sauran duk barorinsa ne, maƙwabcinsa kuma yana faɗin haka a kan wani daban. Nan fa suka bar Turanci suka koma yarensu, murya ta hau, hannuwa na tashi, aka manta da talabijin. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, suna yi suna miƙa wa juna farantin gyaɗa.

Ni kuwa daɗi ya cika ni. Na tafa hannu na ce, "To ku da kanku ba ku san adadinsu ba, in ciwo ya tashi wa kuke kira? Mu dai namu ɗaya ne, ba ma ɓata lissafi."

Mohan ya yi 'yar dariyar da ake yi wa kwastoma. Nani ta tambayi abin da na ce, Sunita ta ƙi fassarawa. Da na tsaya a nan, da abin ya wuce, don sun san bakina. Amma washegari na shiga kasuwar Guangyuan sayen mayafai, na hau gidan abincin da 'yan gida ke taruwa cin tuwo, na tarar da majalisa ta cika. Ka san uwarka in ta samu labari da masu saurare. Na kwaikwayi Mohan, na kwaikwayi Sunita, na ƙanƙance ido na yi muryar Nani ina cewa miliyan ɗari uku da talatin. Mutane har da masu ƙwarewa da miya. Wani Alhaji ɗan Maraɗi yana share hawaye ya ce, "Wallai Hajiya kin gama da mu. Patron namu na kago ashe mai miliyoyi ne."

Ka san mutanenmu da laƙabi. In suka liƙa maka shi, ko da ruwan zafi ba ya fita. Kafin mako ya zagayo babu mai cewa Mohan. "Miliyan, ni hao, sannu, yau su nawa suka kwana?" "Miliyan, auna mini kwalin nan." Har a jikin kwali ake rubuta "wajen Miliyan". Sinawan da ke masa dako ma suka ɗauka, ba su san ma'anarsa ba. Shi kuwa ba halin ya yi fushi, don masu tsokanar su ne masu kawo masa kaya. Wata rana ina tsaye a ofishin, wani ɗan kasuwar Kwari da ko gemu bai gama fitar masa ba ya jingina da sikeli ya ce, "Miliyan, a cikinsu wane ne mai kula da kwastan? A gaya masa kayana na hanya." Aka kwashe da dariya. Mohan ya ajiye salatif ɗin da ke hannunsa, ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya shige ciki. Bai kalli yaron ba, ni ya kalla.

Daga ranar ƙofar Sunita ta rufu. In mun haɗu a matakala, gaisuwa ce a taƙaice, kowa ya wuce. Na ji kunya, Abba, na kuma ji kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba a ƙasar nan. Matar nan ita ce ke dafa mai ta zo ta murza mini gwiwa in ta kumbura. Ita ta kai ni asibiti ta yi mini tafinta lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni. Na ɗauki hirar falonta na kai gidan tuwo don a yi mini tafi.

Abin da ya cece ni kwanonta ne. Akwai wani kwanon silba nata da ya kwana a wajena, kuma ni ban tashi a gidan da ake mayar da kwanon maƙwabta fanko ba. Na sayi sabuwar tukunya wadda nama bai taɓa shiga ba, na yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, na zuba, na tsaya a ƙofarsu na ƙwanƙwasa. Nani ce ta buɗe. Ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta nuna mini kujera. Ta kira Sunita ta zo ta yi tafinta, ita kuma ta zo ta tsaya fuska a ɗaure.

Na ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Tsohuwar ta saurara har na gama, sannan ta yi magana a hankali, Sunita na juyawa. Ta ce, "Gardamar nan ta girme ni. Ranar aurena mahaifina da surukina sun yi ta har abinci ya huce. Kowane biki sai mun yi ta, in mun gaji mu ci abinci. Ba mu jin haushin tambayarki, yaranmu ma suna yi. Kin zauna a cikinmu ne muka yi a gabanki, don mun ɗauke ki 'yar gida. Ke kuma kika kai ta kasuwa."

Sai kawunanka Sani da Bala suka faɗo mini a rai, yadda kowace Sallah sai sun yi ta ƙabalu da sadalu a zauren gidanmu, wannan ya ce a kama hannu a ƙirji, wancan ya ce a sake, har jijiyar wuya ta tashi, sannan su sa hannu a kwano ɗaya. Na ce a raina, da Mohan ne ya zauna a zauren nan, ya kwashe ya kai wa 'yan uwansa Indiyawa suna kwaikwayon kawunanka suna dariya, wallahi da sai na yi masa wankin babban bargo. Ka fahimce ni da kyau, ban ce abu ɗaya ne ba. Mu a kan kaɗaitar Allah ba mu da gardama, kuma ba za mu taɓa yi ba. Amma zafin a kwashi maganar gidanku a kai waje, wannan iri ɗaya ne ko a gidan wa.

Can sai Nani ta ce a tambaye ni, ni nawa guda nawa ne. Na gyara mayafina na ce, "Ɗaya ne. Ba shi da na biyu, ba shi da hoto, ba a sassaƙa shi, kuma ba shi da fuskokin da ake shiga ta cikinsu." Na faɗa ina kallon idonta.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Na sani. Tun ina yarinya nake jin ladan yana faɗa ta kan katangarmu, safe da yamma. Ban taɓa kai shi kasuwa ba."

Sannan ta sa hannu ta ɗauki ɗanwake guda ta kai baki, ta ce yaji ya yi kaɗan.

Saura laƙabin, kuma tunda ni na haife shi, ni zan binne shi. Na zaɓi ranar da ofishin Mohan ya cika da masu auna kaya, na shiga na tsaya a tsakiya na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Mutumin nan sunansa Mohan. Ni na kawo muku wancan sunan, yau na zo karɓar abina."

Wani ya ce, "Haba Hajjaju, ai wasa ne."

Na ce, "To madalla, ni ma ina son wasa. Duk wanda na sake ji ya faɗa, zan faɗi sunan da ake kiransa da shi a unguwarsu, a nan, gaban Sinawa. Babu wanda ban san uwarsa ba a cikinku. Alhaji Mudi, in fara da kai? In faɗi wanda ake kiranka da shi a Kwari lokacin kana dako?"

Ya ɗaga hannu biyu yana a'a da Sinanci, ya ce, "Meyo, Hajiya, meyo. Mohan, ranka ya daɗe, auna mini kayana in tafi." Aka yi dariya, amma sunan bai sake fitowa ba. In ya kawo maka takardar nan kada ka tambaye shi, ba zai faɗa ba, ni ma na yi alkawari.

To ga abin da nake so da kai. Ban ce ka toshe kunnenka ba. Ɗalibi ne kai, in kana son sani ka tambaya, amma tambayar mai son ya ji, ba ta mai ɗana tarko ba. Za ka ji ɗaya, za ka ji talatin da uku, za ka ji miliyoyi, wataƙila ka ji abin da ni ban ji ba. Har yau ni ban san amsarsu ba, su ma ba su gama ba, kuma ba kai aka aiko ka raba musu gardama ba. In ka ji mai cewa ɗaya, kada ka yi tsalle ka ce ai ya zo wajenmu, don ɗayansa ba irin namu ba ne. Kada kuma ka ɗauki amsar wani ka je ka doki wani da ita. Abin da ka ji a cikin gidan nan ya tsaya a gidan. Ban yarda ya zama abin hira a ɗakin 'yan Nijeriya ba, ko a waya da abokanka na Kano.

In an tambaye ka naka, ka faɗa kai tsaye, kada ka rage komai don a ji daɗi. Ba ka rusuna wa abin da suke rusuna wa, ba ka zama a wajen ibadarsu. Amma in za ka wuce ta gaban durowar nan ka cire takalmi kamar yadda suke yi, kada ka zauna ka miƙe ƙafa wajenta, kada ka yi tsaki. Malamanku sun karantar da ku cewa an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, ka fi ni sanin inda aka faɗa. Kasa-kasan nan naka kuwa, ka bar wa Ummi ajiya. In kana son tsohuwar nan ta ga Musulunci, to ta gan shi a tashinka na asuba, da gaisuwarka, da kwandon cefanen da za ka karɓa daga hannunta. Shiriya ba a hannunka take ba, ba kuma a hannuna ba. Ni ina yi mata addu'a a sujada, kai ma ka yi, ba sai ka sanar da ita ba.

Bayan wasannin ba a sabunta wa Nani biza ba, dole ta koma gida. Kafin ta tafi ne takardarka ta makaranta ta fito, na shiga da murnata ina faɗa musu sunan garin. Ban roƙe ta komai ba. Ita ta bugi ƙirji ta ce ɗan Didi ba zai kwana a ɗakin haya ba alhali tana numfashi a Lakno.

Shekaranjiya Sunita ta shigo ta ba ni labarin ɗakin da za ka zauna. Ɗakin marigayi mijin Nani ne. Tun da ya rasu ba ta bari an taɓa komai a ciki ba, kuma bangon cike yake da hotunan ababen bautarsa, waɗanda ya rataya da hannunsa ɗaya bayan ɗaya tsawon zamansu. Ta ƙi yarda kowa ya taya ta. Ita da kanta, da wannan tsufan, ta taka kujera ta sauke su duka, ta naɗe kowanne a ƙyalle ta kai ɗakinta. Sannan ta sa aka ja gadon gefe, don a samu filin shimfiɗa sallaya ta wajen yamma. Sunita ta ce da ta gama, ta zauna a bakin gadon ta yi kuka, sannan ta tashi ta share ɗakin.

Da na ji haka ni ma sai da na yi nawa kukan. Ban tambayi Sunita hotuna nawa aka sauke ba.

In ka shiga ɗakin za ka ga ramukan ƙusoshi a bango. Na san idonka, irin nawa ne, zai so ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ƙirga, Abba. Ka ajiye jakarka, ka fita ka durƙusa ka gaida tsohuwar da ta yi maka wannan, sannan ka dawo ka shimfiɗa sallayarka a filin da ta bar maka, ka yi wa Ubangijinka Ɗaya sujada.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare maka imaninka da harshenka. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa hannunka ya zama waraka ga duk wanda ka taɓa, ya dawo mini da kai lafiya in gan ka da idona. Na yafe maka duniya da lahira. Ka gaida babanku, ka ce wa Ummi ta ci gaba da tsegumi, yana da amfani.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka.